Yadda za ka kai ƙarar mai hana unguwa barci da hayaniya a Abuja, mataki-mataki

Tun ranar da na ba da labarin yadda muka samu sauƙin gidan bikin da ke bayan layinmu mutane ke ta turo min tambaya, wani janareton maƙwabci ne ya ishe shi, wata kuma injin niƙa ne aka dasa mata a jikin bangon ɗakin yara, wani DJ, wani lasifikar wurin ibada. Tambayar dai ɗaya ce, ina ake zuwa kuma me ake riƙewa a hannu. Toh ga shi na zauna na jera yadda muka bi, har da inda muka yi kuskure. Ku lura kalmar ƙara a Hausa fuska biyu gare ta, akwai wadda ke shiga kunne akwai wadda ake kaiwa hukuma, duka biyun za su yi ta fitowa a nan, ku dai bi ni a hankali.

1. Fara sanin ma'aunin da doka ta sa wa unguwarku

Yawancinmu abin da muke cewa shi ne "ƙarar ta yi yawa", shi kuma mai ƙarar ya ce ai ba ta yi ba, shikenan an tsaya musu. Ita hukuma da maki take aiki. Hukumar NESREA, wato hukumar kare muhalli ta gwamnatin tarayya, tana da dokar ƙayyade ƙara ta 2009, kuma a cikinta an raba wurare gida-gida, ana auna ƙarar da abin da ake kira desibel. Rana a wajensu daga 6 na safe ne zuwa 10 na dare, dare kuma daga 10 zuwa 6 na safe.

Unguwar da gidajen kwana ne zalla, 50 da rana, 35 da dare. Unguwar da gidaje suka cakuɗu da ƴan shaguna da wuraren shaƙatawa, 55 da rana, 45 da dare. Inda gidaje ke haɗe da ƙananan masana'antu da kasuwanci, 60 da 50. Yankin masana'antu 70 da 60. Wajen asibiti da makamantansa 45 da 35.

Don ka gane abin da waɗannan lambobin ke nufi, hirar mutum biyu ta yau da kullum tana kaiwa wajen 60. Kenan in da tsakar dare kana ɗakinka sai ka ɗaga murya kafin matarka ta ji ka, to an wuce layi da nisa, ba ma sai an auna ba. Kuma ƙarin maki 10 a kunne kamar an ninka ƙarar ne sau biyu, saboda haka kar ka ga 45 da 65 ka ɗauka ɗan bambanci ne.

Gargaɗi a nan: kar ka ɗauki 35 ɗin nan ka riƙe alhali gidanku a bakin titi yake a Nyanya ko Kubwa, ga masu walda ga masu cajin waya ga mai shayi. Irin waɗannan unguwannin cakuɗaɗɗu ne, in ka rubuta makin da ba na wajenku ba tun a nan za a fara yi wa takardarka kallon wasa.

2. Auna, ka rubuta, sati biyu cur

Wannan matakin shi ne mutane suka fi tsallakewa kuma wallahi shi ne ƙashin bayan komai. Kayan aikin ba su da yawa: waya biyu (taka da ta wani a gidan), littafi ɗan sittin da biro. A wayar farko ka sauke manhajar auna ƙara, akwai na kyauta da yawa irin su Decibel X ko Sound Meter, masu iPhone kuma akwai wata mai suna NIOSH SLM. In manhajar ta ba ka zaɓi ka sa ta a kan dBA, don da shi ake auna abin da kunnen mutum ke ji.

Yadda za ka yi, ka zaɓi wuri ɗaya tak, misali bakin tagar ɗakin kwana, kullum a nan za ka tsaya. Ka kashe fanka da talabijin da naka janareton, yara su yi shiru, ka cire wa wayar riga don kar ta toshe makirufo, ka riƙe ta nesa da jikinka kamar minti ɗaya zuwa biyu. Da waya ta biyu sai ka ɗauki bidiyon fuskar ta farkon yadda makin zai fito, sautin ma ya shiga, ka faɗi kwanan wata da lokaci da bakinka a farkon bidiyon. Bayan nan ka buɗe littafi ka rubuta: rana kaza, an kunna ƙarfe kaza, an kashe ƙarfe kaza, maki kaza, sannan abin da ta jawo, jariri ya kasa barci ne, mai hawan jini ce ta kwana zaune, yaro ne ya kasa karatun jarrabawa.

Abin da mu ba mu yi ba da farko sai daga baya wani ya ankarar da mu, ka auna wurin a lokacin da BABU ƙarar ma, a daidai wannan lokacin na dare. In ranar da babu biki kana samun 40 da wani abu, ranar biki kuma ya haura 70, to wannan tazarar ita ce hujjarka, ta fi dogon surutu.

Gargaɗi: makin waya ba shi ne na hukuma ba, wayoyi sun bambanta kuma wasu in ƙara ta yi tsanani sai su tsaya a wani maki su ƙi wucewa. Amfaninsa ya nuna cewa ba sharri kake yi ba, su jami'ai da nasu na'urar za su zo. Sannan dan Allah kar ka haura katangar mutane ko ka leƙa kyamara cikin gidan wani da sunan neman hujja, daga cikin gidanka ko bakin titi za ka ɗauka, in ba haka ba sai ka tafi kai ƙara ka dawo kai ake tuhuma.

3. Je ka same shi, amma ba da tsakar dare ba

Ni na yi wannan wautar. Ƙarfe ɗaya na dare na fita da jallabiya ido jajur na tsaya a get ina ɗaga murya, mai gadi ma bai ji me nake cewa ba saboda kiɗa, washegari labarin da ya zaga unguwa shi ne wai na je tada rigima a bikin mutane. Wata guda sai da na yi ina gyara sunana.

Ka bari sai gari ya waye, bayan la'asar ko da hantsi ranar da ba ya cikin hidima, ka tafi da mutum ɗaya mai sanyin kai. Ku gaisa sosai, a tambayi iyali da kasuwa, sannan ka shigo da magana ta sigar neman alfarma: "Alhaji, wata ƴar alfarma ce ta kawo mu." Ko in mace ce babba, "Hajiya, ki yi haƙuri mun zo da ƴar damuwa." Da yawa ba su ma san yadda abin ke isa ɗakinka ba, don shi mai janareto bayan gidansa ya kai shi, bai san bayan gidansa shi ne kan gadonka ba. Ka kunna masa bidiyon ya ji da kunnensa.

Kuma kar ka je da "a daina" kawai, ka je da abin da zai iya yi. Mai janareto, a matsar da shi nesa da bangonka, a fili duk sanda aka ninka tazara ƙarar na sauka da kusan maki 6, a juya salansa ta kalli wani gefen, a sa masa tsohuwar taya ko roba a ƙasa don rage girgiza, a gyara salansar in ta fashe. Mai injin niƙa, a raba injin da jikin bango kuma a tsayar da lokacin farawa da tashi. Gidan biki, a sauke sifikun daga saman katanga a juya su ciki, a rage bugun nan mai girgiza taga, a tsaya ƙarfe goma. In gyaran ɗan kuɗi ne kaɗan kuma kana da hali, ka ce za ka kama masa, ya fi maka arha a kan kuɗin motar zirga-zirgar ofis.

Gargaɗi mai girma: kar neman shiru ya sa ka ba wani shawarar shigar da janareto cikin ɗaki ko kicin ko korido a rufe. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci, gida guda an sha rasawa a haka. In za a yi masa ɗan gida to a waje, da hanyar shiga da fitar iska.

Da ka dawo gida ka tura masa saƙon WhatsApp na godiya, ka maimaita abin da kuka yi ittifaƙi a kai. Ladabi ne a fuska, amma kuma shaida ce cewa ka bi ta lalama.

4. Shigo da manya

In sati ya wuce ba canji, sai a hau mataki na gaba. Ɗan haya ne, a nemi mai gidan ko ejan, don wanda ke karɓar kuɗin haya ya fi kowa iya juya shi. A estet kuke, ciyaman na ƙungiyar mazauna, yawancin estet ma suna da dokar kashe janareto a rubuce, a ɗauko ta. A unguwa irin tamu kuma, mai unguwa ko sarkin yankin, ko Sarkin Hausawa in naku ne duka.

Maganar wurin ibada ita ce mai santsi, a nan nake so ku fi taka-tsantsan. Kar mutum ɗaya ya tafi, kuma in da hali wanda zai jagoranci maganar ya kasance mai ibada a wurin ne, masallaci ɗan masallacin, coci ɗan cocin, ta hannun kwamiti ba a tsakiyar jama'a ba. Abuja gari ne na kowa da kowa, da zarar an ce "wane ya ce a kashe mana lasifika" magana ta bar desibel ta koma wani abu daban wanda ba za ka iya kashe wutarsa ba. Ku fayyace abin da kuke nema, misali a bar sifikar waje ga kiran salla, karatu da wa'azin dare a mayar da su ta ciki, ko addu'ar kwana a rufe tagogi a sauke hon ɗin waje. Malamai da kansu sun san hadisin da Annabi (SAW) ya yi rantsuwa cewa bai yi imani ba wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba, ba sai ka je kana ja musu baƙi ba, su za su kawo shi.

Duk zaman da aka yi a rubuta rana da waɗanda suka halarta da abin da aka yanke, ko a takarda ɗaya ce.

5. Rubuta takardar ƙorafi

Shafi ɗaya ya isa, da Turanci don shi ne harshen ofis, in ba ka iya ba a biznes santa za su buga maka. Abin da za ta ƙunsa: kwanan wata, sunanka da adireshi da lambar waya, adireshin inda ƙarar ke fitowa da kwatance mai kyau (kusa da transfoma, bayan makarantar firamare, irin wannan), wace irin ƙara ce, wane lokaci take farawa da ƙarewa, tun yaushe, makin da ka samu da makin da doka ta sa, matakan sulhun da kuka bi da ranakunsu, sai abin da kuke roƙo, wato a zo a duba a auna a ɗauki mataki. Ka haɗa fotokofin littafin nan naka, bidiyon kuma ka ce yana nan in an buƙata.

Dokar 2009 ɗin ta ba kowa damar kai ƙorafi a rubuce, ba sai ka kawo takardar asibiti cewa kunnenka ya lalace ba. Amma sa hannun maƙwabta na ƙara wa takarda nauyi sosai, mu gida tara muka samu, kowa da sunansa da lambarsa.

Kura-kuran da ake yi a nan: zagi, da jibga zargin da ba ka da hujja a kai. Kar ka rubuta ana shaye-shaye ko ana kaza a wurin in ba abin da za ka iya tabbatarwa ba ne, ka tsaya kan ƙara. Kar kuma ka sa sunan maƙwabcin da bai yarda ba, ranar da aka kira shi ya ce bai san zancen ba takardar gaba ɗaya ta zube.

Ka buga kwafi uku. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na bugawa da fotokofi da mota ba.

6. Kai ta inda ya dace

A cikin Abuja hukumar kare muhalli ta birnin, AEPB, ita ce ƙofar farko. In kana garuruwan gefe kuma ka haɗa da sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku, wato duba-gari, akwai su a AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji (Kubwa a ƙarƙashin Bwari take, mutane na yawan mantawa). In masana'anta ce ko babban kamfani, NESREA kai tsaye. In kuma gidan kwana ne aka wayi gari an mayar da shi kulob ko gidan biki, ka aika kwafi sashen kula da tsarin gine-gine na hukumar birnin, wanda ake kira Development Control, don canza amfanin fili ba da izini ba laifi ne mai zaman kansa, wani lokacin ma ya fi maganar ƙarar saurin motsa mai wurin.

Mutanen Mararaba da Masaka da Ado, ku a jihar Nasarawa kuke ko da kullum a Abuja kuke wuni, na Suleja da Madalla kuma jihar Neja, saboda haka AEPB ba ta da hurumi a kanku, hukumar muhalli ta jiharku da ƙaramar hukuma za ku nufa, ko ofishin NESREA na jihar. Ƴan'uwa na Agege da Idi-Araba da suka tambaya, a Legas hukumar muhalli ta jihar, LASEPA ce, nasu ma'aunin na unguwar zama 55 da rana 45 da dare, kuma su ba sa wasa, a 2016 sun rufe coci 70 da masallaci 20 a kan wannan maganar.

Abu mafi muhimmanci a ofis: ka miƙa a rajistiri, a buga maka hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kan kwafinka, ka dawo da shi gida. Takardar da ba hatimi kamar ba ka kai ba ce. Ka tambayi wane sashe za a tura ta da ranar da za ka dawo. Duk kuɗin da aka ce ka biya a ko'ina ka nemi rasit na hukuma.

7. Ranar dubawa da bibiya

Ga inda abin ke ba da haushi, ƙarar dare ce amma ofis da rana yake aiki, in aka zo ranar Talata ƙarfe sha ɗaya na safe gidan biki tsit za a same shi kamar maƙabarta. Shi ya sa a takardarka ka rubuta ƙarara ranakun da lokutan da abin ke faruwa, ka kuma roƙi a zo a lokacin. Kar ka sanar a guruf ɗin unguwa cewa jami'ai na zuwa, labari zai riga su isa.

Yadda aka saba, gargaɗi a rubuce ake fara ba mai wurin da wa'adin gyarawa, in ya ƙi sannan a zo maganar tara ko kwashe kayan sauti ko rufe wuri. A dokar NESREA mutum ɗaya in kotu ta same shi da laifi tarar na iya kaiwa naira 50,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba ko duka biyun, kamfani kuma har naira 500,000, ban da ƙarin tara ta kowace rana da aka ci gaba. Eh na sani, kuɗin 2009 ne, yau dubu hamsin ba ta tsorata mai gidan biki, abin da yake tsoro shi ne a manna masa takarda a get ranar da ya riga ya karɓi kuɗin amarya.

Kar ka ajiye littafinka don an ba da gargaɗi. Sati biyun farko za a yi shiru, a na uku a fara ɗagawa kaɗan-kaɗan ana gwada ku. Ci gaba da aunawa, in an koma ka rubuta takardar tuni ka maƙala kwafin ta farko mai hatimi. Mu sai da muka kai tuni sau biyu.

8. In shiru ya yi yawa

Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, PCC, aikinta kenan bin kadin wanda ya kai kuka wata ma'aikata ba a saurare shi ba, kuma kyauta ne, nan ma kwafinka mai hatimi za su fara tambaya. Akwai kuma zauren sasanci na babbar kotun Abuja inda ake zaunar da ɓangare biyu a yi yarjejeniya a rubuce ba tare da doguwar shari'a ba. Kotu ita ce ta ƙarshe, lauya zai shigar da ƙarar cutar da maƙwabci ya nemi umarnin hanawa, sai dai ka shirya kuɗin lauya da ɗage zama, kuma ya fi sauƙi in gidaje da yawa suka yi karo-karo.

Ƴan sanda fa? Na bar su ƙarshe da gangan. Damun jama'a laifi ne a kundin Penal Code da ake aiki da shi a Abuja da Arewa, saboda haka suna da ta cewa, kuma in an yi maka barazana ko ana neman faɗa to caji ofis kai tsaye, kar ka jira. Amma a kan ƙara zalla, za su zo a rage na daren nan, jibi a koma, kai kuma ka zama wanda ya kira wa maƙwabci ƴan sanda, yaranka da nasa makaranta ɗaya Islamiyya ɗaya. Kuma duk zafin da ka ji kar ka yanke waya, kar ka zuba wa janareton wani gishiri ko ruwa, kar ka ɗauko taka sifikar ka juya masa don ramuwa, duk hujjar sati biyun nan a take za ta tashi a banza.

9. In kai ne mai bikin

Wasu sun tambaya ta ɗaya gefen, suna da kamu ko suna ko walima kuma ba sa son rigima. Kwana uku kafin ranar ka bi gidajen da ke manne da kai da ƴar alawa ko goro ka faɗa musu ranar da lokacin tashi, ka ba su lambar wanda za su kira in abin ya yi yawa. DJ kuma tun wajen ciniki za ka gaya masa ƙarfe goma za a kashe, ka riƙe cikon kuɗinsa sai an tashi, in ba haka ba da ƴan mata sun fara liƙi ba zai ƙara jin maganarka ba. Sifiku su kalli cikin fili, kar a ɗora su a kan katanga. In taron babba ne da zai toshe layi ko ya kai dare, ka je ƙaramar hukuma ko AEPB tun da wuri ka tambayi izinin da ake buƙata, ka riƙe takardar a aljihu ranar taron.